Salula mai nuna hanya

1. A kasuwa

Wani direba ne a Damagaram. Yana ɗaukar kaya zuwa Agadas, wani lokaci har Bilma. Bana salularsa ta mutu. Ran Alhamis ya kama hannun ɗansa, ɗan aji biyar, suka tafi kasuwar Dole. Ya ce masa:

— Zo mu je tare. Kai ka iya karatu, ka duba mini abin da aka rubuta a jikin kwali.

Mai shago ya shimfiɗa musu salula uku bisa tebur. Ta farko ƙarama ce mai maɓallai. Ta biyu faffaɗa ce, fuskarta duk gilashi, ana shafa ta da yatsa. Ta uku kakkaura ce, tana da eriya kamar ƙahon akuya.

Direba ya ce:

— Ni wadda za ta nuna mini hanya cikin daji nake so.

Mai shago ya ɗauki ta biyu ya ce:

— Ga ta, Alhaji. Tana da GPS. Ko ina kake, ta san inda kake.

— To, in rezo ya ɗauke fa? Da an bar gari da ɗan nisa ba ka samun kowa.

— Ko babu rezo ta sani.

— Ashe ina iya kiran gida daga cikin Tenere ke nan?

— A'a, Alhaji. Wannan kam sai ta ukun.

Direba ya dubi ɗansa, ɗansa ya dubi mai shago. Ta yaya salula za ta san inda take, amma ta kasa gaya wa kowa? Suka ce sai sun sake dawowa. Kashegari yaron ya kai tambayar makaranta.

2. Taurarin da mutum ya ƙera

Da dare in kun ɗaga kai kuna ganin taurari. Tun zamanin da, madugan ayarin gishiri suna bin su daga Agadas zuwa Fashi da Bilma, tafiyar kilomita wajen 600, yawancinta cikin rairayi. Amma yanzu akwai wasu taurari da mutum ya ƙera da hannunsa, ya harba su sama. Ana ce musu taurarin ɗan Adam.

Sojojin Amurka ne suka shirya waɗanda ake kira GPS. Sun harba na farko a 1978. A 1983 wani jirgin sama na Koriya ta Kudu ya ɓace hanya, ya shiga sararin Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka mutu. Bayan wannan shugaban Amurka Ronald Reagan ya ce za a bar farar hula su yi amfani da GPS. Aiki ya kammala a 1995 da taurari 24. Suna can sama da mu da kilomita wajen 20.200, kowane ɗaya yana kewaya duniya sau 2 a kwana ɗaya.

Da farko sojojin suna ɓata saƙon da gangan, don kada wani ya san wuri daidai kamar su. Kuskuren yana kai mita 100. A watan Mayu na 2000 suka daina. Wasu ƙasashe ma sun yi nasu: Rasha tana da GLONASS, Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou. Salular yau da yawa suna sauraren su duka, ko da yake a baki kowa GPS yake cewa.

3. Yadda take gane wuri

Kun taɓa hango mace tana daka daga nesa? Kuna ganin taɓarya ta sauka, sai bayan ɗan lokaci ku ji ƙarar. In ta ƙara nisa, jinkirin ya ƙaru. Ƙara tana tafiyar mita wajen 340 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya iya auna jinkirin, ya san nisan da ke tsakaninsa da turmin.

Haka salula take yi. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo wanda kusan ba ya kuskure. Kullum yana aiko da saƙo yana cewa: ni ne wane, ina wuri kaza, yanzu ƙarfe kaza. Saƙon yana gudu kamar haske, kilomita 300.000 a daƙiƙa. Kafin ku ƙifta ido ya iso. Salula ta duba jinkirinsa, ta lissafa nisan tauraron.

Nisa ɗaya bai isa ba. Malam ya fitar da ƴan aji filin makaranta don su gani. Ya kafa turke uku. Ya ce: na binne dala a wani wuri, taku 10 daga turken farko. Aka ɗaura igiya, aka zana da'ira. Dalar tana bisa wannan da'ira, amma a ina? Ya ce: taku 8 daga turke na biyu. Aka zana wata da'ira, ta ratsa ta farko a wuri biyu. Ya ce: taku 6 daga na uku. Da'ira ta uku ta bi ta ɗaya daga cikin wuraren nan biyu. Aka tona, ga dala.

Taurari su ne turakun. Sai dai salula tana bukatar huɗu, domin agogonta ba shi da kyau kamar nasu. In ya yi kuskure da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, wurin ya kauce da mita 300. Tauraro na huɗu shi ke gyara agogon.

Bayan lissafi salula ta ba da lamba biyu. Ta farko tana faɗin nisanka daga tsakiyar duniya zuwa arewa, ta biyu nisanka zuwa gabas. Damagaram tana wajen digiri 13 da minti 48 arewa, digiri 8 da minti 59 gabas. Agadas tana kusa da digiri 17 arewa. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita wajen 111 ne.

Yanzu ku lura da wannan, don ita ce amsar tambayar yaron. Tauraron GPS magana kawai yake yi, ba ya ji. Salula kuwa sauraro kawai take yi, kamar rediyo. Mai rediyo yana jin Muryar Sahel, amma gidan rediyo ba ya jin shi. Shi ya sa GPS ba ya cin kuɗi, ba ya neman rezo, kuma ba ya kai saƙonka ga kowa.

4. Kowace da abin da ta iya

Salula ta farko da aka sayar da GPS a cikinta, wani kamfanin Finlan mai suna Benefon ya fito da ita a 1999. Nokia N95 ta zo a 2007, iPhone 3G a 2008. Tun daga nan kusan duk salular shafawa tana da shi. Amma duk abin da aka ƙara wa salula, akwai abin da ya rage mata.

Ƙarama mai maɓallai tana da araha. Batirinta yana kwanaki bai mutu ba. In ta faɗi, a ɗauka a kaɗe ƙura. Yawancin irinta ba su da GPS, ba su da taswira.

Mai gilashi tana nuna taswira, da ɗigo mai motsi wanda shi ne kai. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai, amma aibinta ma da yawa. Babba shi ne batir. Faffaɗar fuska tana shan wuta, balle cikin rana, inda sai an ƙure haskenta kafin a ga rubutu. In GPS yana aiki tun safe, kafin yamma ta mutu. A gari sai a sa ta caji. Makiyayi da ke kwana goma bai ga kuran ba, yaya zai yi?

Ga kuma zafi. Masu ƙera iPhone sun ce a yi aiki da ita tsakanin digiri 0 da 35. A watan Afrilu zafin Damagaram da Tawa yana wuce 40 ko a inuwa. Salular da aka ajiye gaban mota, bayan gilashi, takan yi zafi ta kashe kanta.

Sai maganar taswira, wadda mutane da yawa ba su gane ba. Tauraro ba ya aiko da taswira, lamba kawai yake taimaka a samu. Taswirar ta intanet take zuwa. Wanda bai sauke ta cikin salularsa tun a gari ba, in ya shiga daji sai ya ga ɗigonsa zaune bisa farar fuska, ba hanya, ba gari. Kuma in babu rezo, salula takan daɗe kafin ta kama taurari, wani lokaci mintoci da yawa, don sai ta saurari bayanin wurarensu daga bakinsu a hankali. In da rezo, nan take ake aiko mata. Ko taswirar tana ciki, ba ta san Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa jiya ba, ba ta san iska ta tura tudun rairayi bisa hanya ba, ba ta san wace rijiya ta ƙafe ba.

Daidaitonta ma da iyaka. A fili, inda sama take buɗe, kuskurenta yana kai mita 5. Cikin ɗaki mai rufin kwano, ko cikin lungun da ke tsakanin dogayen gine-gine, ya fi haka. Mita 5 ba komai ba ne ga direba. Amma ga manomi biyu da ke gardamar iyakar gona, mita 5 kunya da yawa ce. Ana iya kewaya gona da salula a san girmanta kusan-kusan. Ni dai ban ga ya kamata a tumɓuke gamba ko a kau da dutsen iyaka don salula ta ce ba.

Ta ukun, mai ƙaho, ita ce salular tauraro. Wadda aka fi sani a Sahara ita ce Thuraya, ta wani kamfanin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Tana sauraren GPS ta san wurinta, sannan tana magana da wani tauraro dabam wanda ke kai murya da saƙo. Da ita ana kira daga tsakiyar Tenere. Amma tana da tsada, kowane minti ma da tsada, dole a fita fili a miƙe eriya, kuma a wasu ƙasashe sai da izinin hukuma ake riƙe ta.

Wannan bambanci ba na wasa ba ne. A watan Oktoba na 2013, a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, an tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara. Motocinsu ne suka lalace, ruwa ya ƙare. A wuri irin wannan, mutum ya san lambar inda yake bai isa ba. Sai lambar ta kai kunnen wanda zai kawo ruwa.

Akwai wata na'ura da mai shago bai nuna ba. GPS ce zalla, irin ta kamfanin Garmin. Wasu suna aiki da batir biyu irin na tocila, suna jure ƙura da faɗuwa. Ba a kira da su.

Abu na ƙarshe: tauraro ba ya ganinka, amma manhajojin da ke cikin salula suna iya ajiye duk inda ka je, su aika in sun sami intanet. Ana iya kashe wannan a cikin saiti.

5. Abin da direba ya saya

Da yamma yaron ya zana wa babansa da'ira uku a ƙasa, ya yi masa bayanin rediyo da gidan rediyo. Direba ya yi shiru, sannan ya ce:

— Ashe ɗaya ido ce, ɗaya baki.

Ya lissafa kuɗinsa. Ba su kai na Thuraya ba. Ya sayi mai gilashi, ba mafi kyan hoto ba, mafi girman batir. Ya sayi wayar caji ta mota. Yaron ya sauke masa taswirar Nijar tun suna gari. Ya sayi ƙarama mai maɓallai ta hannu, ya sa a aljihu. In zai wuce Agadas kuwa, ya ce ba zai tashi ba sai tare da abokansa direbobi, don ɗayansu yana da Thuraya. Kuma ya ƙara jarka biyu ta ruwa.

Tambayoyi

1. Don me salula take bukatar taurari huɗu, ba uku ba?
2. Ina kamar da ke tsakanin GPS da rediyo?
3. Direba ya ce: ɗaya ido ce, ɗaya baki. Wace ce ido, wace ce baki?
4. Wace salula ta dace da makiyayi, wace ta dace da ɗan kabu-kabu a Yamai? Ku faɗi dalili.

Lissafi

Maraɗi tana wajen digiri 13 da rabi arewa, Agadas kusa da digiri 17. Da kilomita nawa Agadas ta fi Maraɗi arewa?

Aiki

Ku samo igiya da turke uku. Rukuni ɗaya ya binne dutse a filin makaranta, ya rubuta nisansa daga kowane turke. Rukuni na biyu ya nemo shi. In kun koma gida, ku tambayi wani dattijo sunayen taurarin da ake bi a tafiyar dare, ku rubuto su cikin littafinku.