Darasin Kimiyya: Yadda Ake Naɗar Kiɗan Dandali da Yadda Ake Gane Naɗi Mai Inganci

A shekarar 1968 wasu samari huɗu a birnin Birmingham na ƙasar Ingila suka haɗa ƙungiyar kiɗa wadda daga baya ta ɗauki sunan Black Sabbath. Su ne Tony Iommi mai jita, da Geezer Butler mai jitar bes, da Bill Ward mai ganguna, da Ozzy Osbourne mawaƙi. Faifansu na farko ya fito a watan Fabrairun 1970, kuma masana tarihin kiɗa da yawa suna ƙirga shi a matsayin mafarin salon da ake kira heavy metal, kiɗa mai nauyi da ƙara. Tun daga wancan lokaci akwai mutanen da suke tara naɗe-naɗen wasanninsu na dandali, musamman waɗanda kamfani bai fitar ba, waɗanda za mu kira naɗin bayan fage. Mai tara irin wannan naɗi yakan riƙe kwafi biyu na wasa guda, ɗaya garau, ɗaya kuma a dishe. Aikinmu a wannan darasi shi ne mu gano dalilin wannan bambanci, mu bi sautin tun daga dandali har ya iso kunne.

Mu fara da sauti kansa. Sauti girgiza ce da take ratsa iska. Idan tsirkiyar jita ta kaɗu, lasifika takan tura iskar da ke gabanta ta janye, ta tura ta janye, sai wannan matsi da sakin ya yi ta tafiya har ya bugi dodon kunne. Yawan girgizar da ake yi a daƙiƙa guda shi ake kira mita, ana kuma auna ta da hertz, sunan masanin Jamus Heinrich Hertz. Mita kaɗan tana ba da amo mai kauri irin na jitar bes, mita mai yawa kuma tana ba da amo siriri irin na faifan ƙarfen da mai ganguna yake bugawa. Kunnen matashi mai lafiya yana jin tsakanin hertz 20 zuwa 20,000. Ƙarfin sauti kuwa da desibel ake auna shi. Hirar yau da kullum tana kusan desibel 60, wasan heavy metal kuma yakan haura 100. A riƙe waɗannan ma'aunai biyu, domin duk abin da zai biyo baya a kansu ya dogara.

Mataki na biyu shi ne mayar da girgizar iska zuwa lantarki, kuma wannan aikin makirufo ne. A cikin makirufo akwai wata 'yar fata siririya da iska take kaɗawa. A nau'in da ya fi yawa a dandali, an manna mata naɗin waya wanda yake zaune a cikin maganaɗisu. Da fatar ta motsa sai wayar ta motsa, motsin waya a cikin maganaɗisu kuma yana haifar da lantarki mai hawa da sauka daidai da girgizar. Sai dai kowace na'ura tana da iyakar ƙarfin da za ta iya ɗauka. Idan sauti ya wuce iyakar, na'urar takan datse kawunan girgizar, sai a ji kiɗan yana tsagewa yana ƙarƙara. Wannan datsewa ita ce babbar cutar naɗe-naɗen 1970 zuwa 1975, domin ƙananan rakodojin da 'yan kallo suke ɓoyewa a cikin riga an ƙera su ne don ɗaukar magana. Abin da aka datse kuwa ya tafi ke nan, ba kwamfutar da za ta dawo da shi yadda yake.

Yanzu ina makirufon yake tsaye? Amsar wannan tambaya ita ta raba naɗin bayan fage gida uku. Na farko shi ne naɗin ɗan kallo. A fili buɗaɗɗe, duk lokacin da ka ninka nisanka da lasifika sau biyu, ƙarfin sauti yakan ragu da kusan desibel 6, iska kuma ta fi cinye siraran amo fiye da masu kauri. A cikin zaure ga amsa-kuwa daga bango da rufi. Shi ya sa wanda ya naɗa daga can baya yakan samu kiɗa mai dishi-dishi, ga ihun maƙwabcinsa ya fi muryar mawaƙi fitowa. Na biyu shi ne naɗin tebur, wato wanda aka ja kai tsaye daga teburin haɗa sauti na injiniyan wasa. Wannan yakan fito fes, amma yana da nasa aibin da sabon shiga ba ya tsammani. Injiniya yana haɗa sauti ne don zauren da yake ciki. A ƙaramin zaure, akwatunan lasifika na kamfanin Laney da Iommi yake kaɗawa da su sun isa su cika wurin da kansu, don haka injiniya ba ya buƙatar ƙara jita sosai a teburinsa. Sai naɗin ya fito murya da ganguna a gaba, jita kuwa, wadda ita ce ƙashin bayan kiɗan, ta maƙale a baya. Na uku shi ne naɗin rediyo ko talabijin, kamar wasan California Jam na ranar 6 ga Afrilu, 1974, wanda tashar ABC ta Amurka ta ɗauka ta watsa.

Wasu masu tarawa sukan haɗa naɗin tebur da na ɗan kallo don su samu tsabtar wannan da armashin wancan. A nan dole a yi lissafi. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa guda a cikin iska, alhali lantarkin da ke bin waya zuwa tebur yana isa nan take. Ɗan kallon da yake nesa da lasifika da mita 34 zai ji kowane bugu bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Idan ba a daidaita wannan tazara ba, sai a ji kowace ganga tana bugawa sau biyu.

Mataki na uku shi ne ajiye lantarkin, kuma a nan ya kamata mu daɗe. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963. Zaren kaset roba ce siririya mai faɗin milimita 3.81, an shafe ta da garin tsatsar ƙarfe mai laushi ƙwarai. Kowace ƙwayar garin ƙaramin maganaɗisu ce. Zaren yana wucewa a kan wani ƙarfe da ake kira kan rakoda da gudun santimita 4.76 a daƙiƙa, shi kuma kan yana juya ƙwayoyin gwargwadon lantarkin da ya shigo. Wajen saurare sai a juya aikin: ƙwayoyin su wuce a kan kai, su haifar da lantarki, lasifika ta mayar da shi sauti. To amma ƙwayoyin ba sa bin umarni gaba ɗayansu. Waɗanda suka saɓa su ne suke haifar da wannan shuuu da ake ji a ƙarƙashin kiɗa, musamman tsakanin waƙa da waƙa.

Daga nan ne asarar kwafi take tasowa. Idan aka kwafi kaset zuwa wani kaset, sabon zaren yana ɗaukar kiɗan, ya ɗauki shuu ɗin tsohon zare, sannan ya ƙara nasa. Idan na'urorin biyu ingancinsu ɗaya ne, kwafin farko yana ninka ƙarfin shuu sau biyu, wato ƙarin desibel 3. Siraran amo kuma suna raguwa a kowane zagaye. Abin kamar takardar da aka yi wa hoto a injin kwafi ne, aka sake yi wa hoton hoto, har rubutun ya daina karantuwa. Wannan ne ya sa masu tarawa suke matuƙar kula da salsalar naɗi. Sukan tambaya: uwar kaset ce, ko kwafi na farko, ko na biyar? A ganina wannan tambaya ta fi ta tsawon wasa ko kyan bangon faifai muhimmanci, domin ita take faɗa maka yawan abin da ya zube a hanya.

Akwai kuma matsalar gudu. Rakodar ɗan kallo da batir take aiki. Idan batir ya yi sanyi ana tsakiyar wasa, zaren yakan rage gudu. Ranar da aka sa kaset ɗin a na'ura mai cikakken gudu, sai kiɗan ya yi sauri, amo kuma ya haura sama. Kuskuren kashi 6 cikin 100 ya isa ya ɗaga amo da rabin mataki, wato gaɓa guda a wuyan jita: amon da ya kamata ya zama hertz 440 sai ya koma kusan 466. Mai gyara zai iya rage gudun a kwamfuta, amma sai ya san inda zai tsaya, kuma a kan Black Sabbath wannan yana da tarko. Iommi ya rasa kawunan yatsunsa biyu a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, abin da ya sa danna tsirkiya mai tauri yake yi masa ciwo. A faifan Master of Reality na 1971 ya sassauta tsirkiyoyinsa da rabin mataki uku a waƙoƙi irin su Into the Void da Children of the Grave. Wanda bai san wannan tarihi ba zai ji amon ya yi ƙasa, ya zaci kaset ne yake jan ƙafa, ya ƙara masa gudu, ya ɓata abin da yake daidai.

Kimiyya ta ba mu ma'aunin da ya fi kunne tabbaci. Wutar lantarkin gari tana juyawa sau 50 a daƙiƙa a Turai, sau 60 a Amurka, kuma kayan sauti sukan saki ɗan gurnani a daidai wannan mita. Idan aka ga gurnanin da ke cikin naɗin wani wasan Ingila yana kan hertz 53 maimakon 50, to kaset ɗin yana gudu fiye da ƙima da kashi 6 cikin 100, sai a rage har ya zauna a 50. Haka nan gurnanin yana iya ƙaryata rubutun da ke jikin kaset, idan aka ce a Landan aka yi wasa amma aka tarar da gurnani na 60.

Kuskuren suna kuwa ba sabon abu ba ne. Shahararren fim ɗin nan na wasan ƙungiyar da aka daɗe ana yaɗawa da sunan Paris 1970, an tabbatar daga baya cewa a zauren Théâtre 140 na Brussels, babban birnin Beljiyam, aka ɗauke shi ranar 3 ga Oktoba, 1970. A 2016 aka fitar da sautinsa a hukumance tare da na wasan Montreux na watan Agustan 1970. Ƙimar waɗannan naɗe-naɗe ta wuce nishaɗi: a cikinsu ana jin waƙar War Pigs da baitocin da suka bambanta da na faifan Paranoid. Shi ma faifan Live at Last, wanda aka naɗa a Manchester da Landan a watan Maris 1973, kamfanin NEMS ya fitar da shi a 1980 ba da yardar ƙungiyar ba, sai a 2002 ya shiga cikin Past Lives da amincewarsu. Haƙƙin mallakar kiɗan na masu shi ne, shi ya sa ƙa'idar masu tarawa na ƙwarai ita ce musanye ba sayarwa ba, kuma da zarar naɗi ya fito a hukumance sai a saya.

Mataki na ƙarshe shi ne mayar da sauti lambobi. Kwamfuta takan auna ƙarfin lantarkin sau 44,100 a daƙiƙa, ta ba kowane awo lamba ɗaya daga cikin matakai 65,536. Wannan shi ne ma'aunin faifan CD da ya shigo kasuwa a 1982. Ƙa'idar lissafi ta nuna cewa awo yana iya kama mitar da ta kai rabin yawansa, wato hertz 22,050, wadda ta zarce jin ɗan Adam. Tunda lambobi ake kwafa, kwafi na dubu daidai yake da na farko, asarar kwafi ta ƙare ke nan. Amma wata asarar ta shigo ta wata ƙofa. Tsarin MP3 yana rage girman fayil ta hanyar zubar da sassan da yake ganin kunne ba zai lura ba, kuma ba a dawo da su. Tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, yana matse fayil ba tare da zubar da komai ba, don haka shi masu tarawa suke yarda da shi. Idan aka buɗe naɗi a manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, aka duba hoton mitocinsa, tarihinsa yakan bayyana. Yankewa kai tsaye a wajen hertz 16,000 alama ce ta MP3 mai ƙaramin inganci. Naɗin rediyon FM yakan tsaya a wajen 15,000, wani lokaci da siririn layi a 19,000 wanda tashar take aikawa don sauti mai ɓangare biyu. Kaset da aka yi ta kwafa kuwa mitocinsa a hankali suke dusashewa cikin shuu.

Kafin a juye kaset zuwa kwamfuta akwai ƙaramin aiki da mutane da yawa suke tsallakewa. A gefen kan rakoda akwai ɗan ƙaramin noti mai daidaita karkatarsa. Idan kan da ke karantawa bai yi daidai da karkatar kan da ya rubuta ba, ko da kaɗan ne, siraran amo sukan ɓace. Sai a sa kaset yana juyawa, a riƙa murɗa notin a hankali ana saurare, har a ji faifan ƙarfen mai ganguna ya fito yana ƙyalli. Nan ne daidai. A goge kan da auduga da sifirit tukuna, domin garin zare yana taruwa a kansa ya zama launin ƙasa-ƙasa.

Duk wannan bayani ya shafi kowane kaset, har da na wasannin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da aka naɗa a wuraren biki aka yi ta kwafa hannu zuwa hannu. Zafi da laima da ƙura suna lalata sinadarin da ya riƙe garin ƙarfe a jikin roba, maganaɗisun lasifika kuma yana iya shafe abin da aka naɗa. Mai karatu, idan akwai irin wannan kaset a gidanku, ka ajiye shi a tsaye cikin kwalinsa a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da lasifika, ka juye shi zuwa FLAC tun zaren yana da rai, ka rubuta wurin wasan da shekararsa da na'urar da ka yi aiki da ita.