Wa Ya Ƙirga Su? Ƙiyasin Mutanen da Taba ke Kashewa da Aikin Mai Fassara

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin fassara ya raba mana wani guntun labari na kiwon lafiya, ya ce kowa ya mayar da shi Hausa kafin mako ya zagayo. Labarin ya shafi wani bincike ne da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a shekarar 2021. Ni dai ban ga abin wahala a ciki ba, na zauna na rubuta cewa, "Shan taba ya kashe mutum miliyan 7.69 a duniya a shekarar 2019." A gaban wannan adadi akwai wasu lambobi biyu cikin baka, wato 7.16 da 8.20, na tsallake su don na ɗauka ƙawa ce irin ta masu bincike. Da takardata ta dawo, sai na tarar Malam ya zagaye jimlar da jan biro, ya rubuta a gefe: "Wa ya ƙirga su?" Neman amsar wannan tambaya shi ya haifar da wannan ɗan rubutu, domin na tabbata ba ni kaɗai ke tsallake abin da ke cikin baka ba.

Babu wanda ya ƙirga su

Amsar ke nan a taƙaice. Akasari likita ba ya rubuta "taba" a takardar shaidar mutuwa. Abin da yake rubutawa shi ne sankarar huhu, ko ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, kuma dukkan waɗannan cututtuka suna kashe wanda bai taɓa kai sigari bakinsa ba. Saboda haka ba gawawwaki ake ƙirgawa ba, kwatanta rukuni da rukuni ake yi.

An yi irin wannan kwatanci gadan-gadan a Ingila. A shekarar 1950, Richard Doll da Austin Bradford Hill suka buga sakamakon tambayoyin da aka yi wa marasa lafiya a asibitocin Landan. Daga cikin maza 649 masu sankarar huhu, mutum 2 ne kacal ba sa shan taba. Daga cikin wasu maza 649 masu wasu cututtukan kuwa, an sami 27. Shi kansa Doll da farko hayaƙin motoci da kwaltar titi yake zargi, kuma mashayin taba ne, amma da ya ga inda alƙaluma suka nufa sai ya daina. A 1951 suka aika wa likitocin Birtaniya takardar tambaya, suka ci gaba da bin diddigin maza fiye da 34,000 daga cikinsu, aikin da aka yi shekara hamsin ana yi. Rahoton 2004 ya nuna cewa mai shan sigari, a matsakaici, yana rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa, wanda ya daina yana ɗan shekara 30 kuma yakan tsira da kusan dukkansu.

Ga yadda lissafin yake tafiya. Lambobin nan nawa ne, na ƙirƙire su don misali kawai. A ɗauka akwai wani gari mai magidanta 10,000, daga ciki 2,000 suna shan taba, 8,000 ba sa sha. A cikin marasa sha, mutum 5 cikin kowane 1,000 ke mutuwa a shekara, wato mutum 40 ke nan. A ɗauka kuma haɗarin mashaya ya kai ninki uku, wato 15 cikin 1,000, sai a sami mutum 30. Jimilla an yi jana'iza 70. To, da a ce babu mai shan taba a garin, da mutum 50 za a binne. Wannan rarar ta mutum 20 ita ake dangantawa da taba. Mai karatu ya lura: mashaya 30 suka mutu, amma 10 daga cikinsu ko ba taba da sun mutu a shekarar, kuma babu likitan da zai shiga maƙabarta ya nuna maka su wane ne goman, su wane ne ashirin ɗin. Wani masani ɗan Amurka, Morton Levin, shi ya tsara wannan dabara a 1953.

Inda rashin tabbas ke shigowa

Yanzu sai mu ɗan taɓa lambar nan ta "ninki uku". Idan ninki biyu ne, rarar ta koma 10. Idan ninki huɗu ne, ta zama 30. Gari bai sake ba, lamba ɗaya aka sauya, amma amsa ta tashi daga 10 zuwa 30. Ita kuwa wannan lamba daga samfuri ake samun ta, kamar yadda mai sayen gero yake ɗibar tafi ɗaya ya yanke wa buhu hukunci. Idan ya sake ɗiba, ba lalle ne tsakuwar da ya gani ta zo daidai da ta farko ba.

Na biyu, yawan mashayan ma tambayar mutane ake yi, mutum kuma yakan ɓoye. Binciken da aka yi kan manya a Nijeriya a 2012 ya sami kimanin kashi 7 cikin 100 na maza suna shan taba, mata kuwa ba su kai kashi 1 ba. Ban ce ƙarya ba ne, amma duk wanda ya san kunyar mutanenmu ya san abin da matashi zai amsa idan aka tambaye shi a zauren mahaifinsa.

Matsalar da ta fi ba masana ciwon kai ita ce, mashayi ba taba kaɗai ta bambanta shi da wanda ba ya sha ba. Mai yiwuwa ya fi shan giya, ko ya fi talauci, ko aikinsa na ƙura ne. Idan ba a ware waɗannan ba, sai a ɗora wa taba laifin da ba nata ba. A ƙarshen shekarun 1950, shahararren masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya kafe a kan cewa wataƙila wani abu ne na gado yake sa mutum son taba, yake kuma sa masa sankara. Hasashen bai tsaya da ƙafarsa ba, domin an ga haɗarin yana ƙaruwa da yawan karan da mutum ke zuƙa, yana kuma raguwa idan ya daina. Sai dai kamfanonin taba sun yi shekaru suna fakewa da irin wannan shakku.

Akwai kuma jinkiri. Mutuwar bana sakamakon hayaƙin shekara ashirin ko talatin da suka wuce ce, don haka yawan mashayan yau ba ya faɗin komai a kanta kai tsaye. Richard Peto da Alan Lopez da abokan aikinsu sun ɓullo wa wannan ta wata hanya a 1992: suka mayar da yawan mutuwar sankarar huhu a ƙasa ma'aunin tabar da aka sha a baya, ta hanyar kwatanta shi da na Amurkawan da ba su taɓa sha ba. Da suka zo kan sauran cututtuka, sai suka raba ƙarin haɗarin gida biyu suka ɗauki rabi da gangan, don kada a ce sun yi zuƙi. Wannan ya burge ni ƙwarai. Amma dabarar tana buƙatar ƙasa mai rajistar mutuwa ingantacciya. A wurarenmu, inda akasari mutum kan rasu a gida a binne shi a ranar ba tare da likita ya rubuta sanadi ba, sai dai a bi iyalai ana tambayar yadda ciwon ajalin ya kasance, ko a aro alƙaluman wasu ƙasashe a daidaita.

Mu koma cikin baka

Lambobin nan biyu da na tsallake, ashe su ne gaskiyar maganar. Masu binciken suna cewa ne: mafi kyawun ƙiyasinmu miliyan 7.69, amma idan aka yi la'akari da kurakuran da muka iya aunawa, muna da ƙarfin zato na kashi 95 cikin 100 cewa adadin yana tsakanin miliyan 7.16 da miliyan 8.20. Tazarar da ke tsakani ta haura mutum miliyan ɗaya. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ji Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da miliyan 8 a 2023, sannan ta ce fiye da miliyan 7 a 2025. Ma'auni da bayanai ake sabuntawa, kuma adadin Hukumar ya haɗa da masu shaƙar hayaƙin wasu, wanda na The Lancet ɗin nan bai haɗa ba.

A nan ne mai fassara ke iya faɗawa ɗaya daga ramuka biyu. Na farko shi ne nawa, wato zubar da "kimanin" da "an ƙiyasta", a mayar da ƙiyasi ƙidaya. Na biyu ya fi muni, kuma na gan shi a takardar wani abokina, wanda ya rubuta cewa "masana ba su da tabbas kan illar taba". Ba haka ba ne. Rashin tabbas ɗin a kan yawan mamatan yake, ba a kan ko taba tana kisa ba. Ko an ɗauki lambar ƙasa, 7.16, ta ninka mutanen da haɗarin hanya ke kashewa a duniya, kimanin miliyan 1.19 a shekara, har sau shida. Wanda ya ji fassarar abokina a rediyo yana iya kunna wani karan da kwanciyar hankali.

Hausa ba ta rasa kalmomin wannan aiki ba, sai dai kowace da gurbinta. "Kimanin" tana iya kaucewa sama ko ƙasa. "Kusan" ba ta kai ba. "Fiye da" ta wuce. "Aƙalla" ta sa iyaka ta ƙasa. "Kintace" kuwa a guje ta a nan, don tana nuna an faɗa ne ba tare da awo ba.

Da na sake kai wa Malam aikin, ga abin da na rubuta: "Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarar 2019, mutuwar mutane kimanin miliyan 7.7 a duniya, wato tsakanin miliyan 7.2 da 8.2, tana da nasaba da shan taba." Ya karanta sau biyu, ya soke "tana da nasaba da", ya ce ta yi sanyi, domin masu binciken sanadi suke nufi, ba dangantaka kawai ba. Ya rubuta a samanta: "shan taba ne sanadinta".