Aboki, Amini da Sanayya: Darasi Kafin Mu Watse

Saura 'yan watanni mu da ke ajin ƙarshe na difloma mu naɗe katifu mu bar makarantar nan. Kowa na ta lissafin sakamako, da kundin kammalawa, da inda zai yi shekarar IT kafin a dawo babbar difloma. Amma akwai lissafin da ba mu cika yi ba: cikin mutanen da muka sani a shekara biyun nan, su wa za su rage mana, kuma don me? Mukan ce abota sha'anin zuciya ce, jini ne ya haɗu shi ke nan. Masana ilimin zamantakewa ba su musa ba, sai dai sun nuna cewa wuri da lokaci da kamanceceniya suna yi mana rabin zaɓen tun kafin zuciya ta ce uffan. Ga abin da na tsinta a karatuna, na ga ya shafe mu kai tsaye.

Wuri ne ke fara haɗa mu

A 1950 wasu masana uku, Festinger da Schachter da Back, suka fitar da bincikensu a kan gidajen ɗalibai masu iyali na jami'ar MIT a Amurka. Ɗaliban ba su zaɓi maƙwabtansu ba, duk ɗakin da ya samu shi ake ba mutum. Da aka tambaye su abokansu na kusa, sai aka ga masu ƙofa kusa da ƙofa kashi 41 cikin ɗari sun zama abokai, masu ƙofa guda a tsakani kashi 22, waɗanda ke ƙarshe da ƙarshen baranda kuwa kashi 10 kacal. Masu ɗaki a gindin matakala sun fi kowa abokai a bene, don kowa ta ƙofarsu yake wucewa.

To mu duba kanmu. Abokinka na kusa, ashe ba a layin rajista kuka haɗu ba, ko lambarku ce ke bin juna aka haɗa ku rukuni guda a ɗakin gwaji? Ke kuma ƙawarki, ba gadonta ne ke saman naki ba? Wannan bai rage wa abotar daraja ba. Abin da yake nuna mana shi ne, ranar da aka janye wurin, an janye turken da ya ɗaure yawancinmu.

Sai kuma kamanceceniya. Lazarsfeld da Merton sun yi bayani a 1954 cewa mutane sun fi ƙulla abota da masu kama da su, ko ta matsayi kamar shekaru da ƙabila da addini, ko ta ra'ayi. Ba sai an kai mu Amurka ba: a leƙa wajen mai shayi da daddare, za a ga 'yan gari ɗaya a benci ɗaya, 'yan sashe ɗaya a wani. Akwai daɗi a hakan, kuma akwai asara, zan zo kanta.

Mutum nawa za ka iya riƙewa?

Robin Dunbar, masani ɗan Ingila, ya kwatanta girman ƙwaƙwalwar birai da yawan garken da suke rayuwa a ciki, daga nan a 1992 ya ƙiyasta cewa ɗan Adam zai iya riƙe alaƙa mai ɗorewa da mutum kusan 150. Daga baya ya kasa su zobe-zobe: kusan 5 na ƙut da ƙut, 15 na kusa, 50 abokai, 150 waɗanda ake zumunci da su. Wasu masana a jami'ar Stockholm sun ƙalubalanci lambar 150 ɗin a 2021, amma tushen maganar yana nan: lokaci ba ya isa kowa ya zama amini. Jeffrey Hall na jami'ar Kansas ya auna lokacin ma: kusan awa 50 na zama tare kafin sanayya ta zama 'yar abota, awa 90 ta zama abota sosai, sama da awa 200 kafin a kai ga aminci.

Bahaushe ya riga ya raba su da sunaye. Akwai idon sani, akwai abokin tafiya, akwai abokin hira, akwai aboki, sannan amini wanda ake ba ajiyar sirri. Mai abokai dubu uku a Facebook, in zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗaki, mutum biyu ko uku ne za su kai shi asibitin makaranta su zauna. Kuma mu da muke da dangi masu yawa, 'yan uwa sun riga sun cinye kaso mai tsoka na zobban nan, don haka gurbin da ya rage wa abokan makaranta bai kai yadda muke zato ba.

Ƙarfin da ke cikin sanayya

Nan ne darasin da ya fi shafar mai neman wurin IT. Mark Granovetter ya tambayi ma'aikatan da suka sauya aiki a garin Newton kusa da Boston yadda suka sami labarin aikin, ya buga sakamakon a 1973. Cikin waɗanda suka samu ta hannun wani, kashi 16.7 ne kawai suka ce mutumin wanda suke gani a kai a kai ne. Kashi 55.6 sun ce jefi-jefi suke haɗuwa, kashi 27.8 kuma sau ɗaya a shekara ko ƙasa da haka.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Amininka ajinku ɗaya, guruf ɗinku ɗaya, abin da ya ji kai ma ka ji. Amma wancan da ya gama bara yana aiki a wata ma'aikata, ko injiniyan da ka yi SIWES a ƙarƙashinsa, su suna shiga inda ba ka shiga, su ne gadar da sabon labari ke bi ya iso gare ka. Asarar da na ambata ke nan: wanda duk abokansa irinsa ne, labari guda ne ke ta zagaye a tsakaninsu.

Mutum 54 ne kawai a wancan lissafi, kuma ma'aikatan ofis ne a Amurka. Amma a 2022 mujallar Science ta buga wani gwaji da aka yi da mutum miliyan 20 a LinkedIn, shi ma ya nuna sanayya matsakaiciya ta fi alaƙar ƙut da ƙut kai mutum ga sabon aiki.

Mu ma muna da namu tsarin

A littafin Baba of Karo na 1954, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a ƙasar Zazzau, an ga yadda ƙawance tsakanin mata yake da ƙa'ida: ana ƙulla shi a sane, ana musayar kyauta, ana tsaya wa juna a biki da suna. Abner Cohen kuma a littafinsa na 1969 ya nuna yadda Hausawan Sabo a Ibadan ke cinikin shanu da goro bisa amana: mai gida ya sauki baƙo, ya tsaya masa a sayar wa mahauta shanu bashi, sunansa ne jingina. Watau a wajenmu sanayya ba ta aiki sai da wanda zai ce "na san shi, ni na tsaya masa".

Wannan takobi ne mai kaifi biyu. Ɗan wane ya zo makaranta da gadojinsa a shirye, ɗan manomi daga ƙauye kuwa mu ne gadojinsa na farko. In kowa ya ɓoye labarin gurbi ya kai wa ɗan garinsu kaɗai, to mun maimaita abin da muke kuka da shi cewa sai mai hanya ke samu.

Abin yi kafin a rufe makaranta

Na farko, ka san mutum biyar ɗinka. Waɗannan ba saƙon "barka da Juma'a" ke riƙe su ba, sai kira da ziyara da zuwa ta'aziyya. Zumunci a ƙafa yake.

Na biyu, kada ka raina sanayya. Ka yi sallama ta mutunci da malaman ɗakin gwaji, da 'yan wasu sassa, da waɗanda kuka yi SIWES tare. Ka gaishe su tun ba ka da buƙata, domin mai kira sai ranar neman alfarma kowa ya gane shi.

Na uku, guruf ɗin aji ya zama wurin sanar da gurbin IT da ranar buɗe neman babbar difloma, ba wurin tura jita-jita da rigimar siyasa ba.

Na huɗu, kai ma ka zama gada. In ka ji ana ɗaukar mutane a inda bai dace da kwas ɗinka ba, ka tura wa wanda ya dace, ko da ba yarenku ɗaya ba, ko ba masallaci ko coci ɗaya kuke zuwa ba.

Ku kuma 'yan ajin farko, kuna da sauran shekara guda: ku riƙa sauya benci, ku shiga ƙungiyar da ba ta 'yan garinku ba. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya haɗa mu da abokan arziki.