Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Anka da Gummi da Bukkuyum garuruwa ne a yammacin Jihar Zamfara. A dā, in dare ya yi, yara sukan taru a dandali, ko kuwa su kewaye tsohuwa tana yi musu tatsuniya. Yanzu da yawansu gidan kallo suke nufa, ko su duƙufa a kan wayar hannu, suna kallon ƙwallon Ingila da fina-finan Indiya. Akwai yaron da ya haddace sunayen 'yan wasan Arsenal duka, amma in aka tambaye shi dalilin da ya sa ake kiran sarkin Anka Sarkin Zamfara, sai ya yi shiru.

Amsar kuwa ba ta da wuya. Zamfara tsohuwar daula ce ta ƙasar Hausa. A ƙarni na 18 Gobirawa, ƙarƙashin Sarki Babari, suka ci Birnin Zamfara da yaƙi. Sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har suka zauna a Anka. Saboda haka sarautar take can har wa yau, kuma sunan daular aka ba jihar da aka kafa a 1996.

Kallon abin baƙi ba laifi ba ne, gama ta haka mutum yake sanin duniya. Abin tsoro shi ne raini. Yaro yakan ga manyan gidaje da tufafi masu ƙyalli a fim, sa'an nan ya dubi garinsu, sai zuciyarsa ta raya masa cewa duk abin da ke nasu koma baya ne. Daga nan sai ya fara jin kunyar Hausar Zamfara da ya tashi da ita, ya riƙa yi wa waƙoƙin kakanninsa dariya. Bai sani ba, mai shirya fim zaɓa yake yi: ya nuna mai kyau, ya ɓoye sauran. Indiya ma tana da ƙauyuka da matalauta. Kuma Indiyawan nan da harsunansu suke fim, da kiɗansu da tufafinsu. Ashe abin koyi a wurinsu shi ne riƙon nasu da suka yi.

Ƙasar Zamfara ba ta rasa abin alfahari ba. Ita ta haifi Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, makaɗan da ake nazarin waƙoƙinsu a jami'o'i saboda zurfin Hausarsu. Baƙi ma sun san darajar harshen, domin tun 1957 gidan rediyon BBC yake watsa labarai da Hausa.

Garin Gummi kuwa ya ba da misali babba. A nan aka haifi Malam Abubakar Mahmud Gumi, ɗan alƙalin garin. Ya yi karatu a Sakkwato da Kano, ya tafi har Sudan ya ƙaro ilmi. Ya iya Larabci, ya iya Turanci, ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Duk da haka bai raina harshen uwarsa ba. Da Hausa yake karantar da jama'a, kuma ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, don manomi da mai sana'a su fahimta. A 1987 aka ba shi lambar girma ta Sarki Faisal a ƙasar Saudiyya. Ya rasu a 1992.

To, wannan ita ce hanyar mai hankali: ya tafi nesa ya ɗebo ilmi, ya kawo gida ya yi wa mutanensa amfani da shi. Wanda ya yar da nasa ya yafa na wani, ranar da mai abu ya karɓe abinsa, tsirara zai tsaya.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ake kiran sarkin Anka Sarkin Zamfara?
2. Yaya raini yake shiga zuciyar yaro mai yawan kallo?
3. Wane aiki Malam Abubakar Gumi ya yi wa masu jin Hausa?
4. Tambayi wani dattijo tarihin garinku, ka rubuta shi cikin layi goma.