Amsoshin Tambayoyinku: Mota ta ƙi tashi, ko fitila babu

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce ya murɗa makulli, motarsa shiru, ba fitila ba hon.

To Malam, kada ka yi saurin sayen sabon batir. Fara duba kawunansa biyu: sau da yawa sun yi sako-sako ne, ko farin gari ya taru a kansu ya tare wuta. Cire na baƙar waya tukuna, ka kankare, ka ɗaure tam. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 a ma'auni. In ya kai haka amma har yanzu shiru, a duba babban fis da wayar da ke haɗa batir da jikin mota. Fis ɗin da ya ƙone, don Allah kada a maye shi da guntun waya, gobara yake jawowa.