Yadda ake zana fuskar da babu mai ita, daga alli zuwa waya

Fuskar da mai zane ke ƙirƙira da ka, tsinto ta yake yi guntu-guntu. Zauna a Kwanar Ɗangora inda motoci ke sauke fasinja, ko bakin ruwan Tiga lokacin da masunta ke fitowa, ka kalli jama'a: goshin wannan, haɓar wancan, yadda malfar makiyayin da ya fito daga wajen Falgore ke sa masa inuwa har kan hanci. Kada ka ɗauki hoton kowa. Riƙe a ka, in ka koma gida ka haɗa.

Nemi alli mai taushi da ake kira fastel, a shagunan kayan rubutu na Sabon Gari a Kano, da takarda mai kaushi, ruwan toka ko ruwan ƙasa. A kan takarda mai santsi allin ba ya zama.

Fara da siffar ƙwai. Idanu a tsakiyar kai suke, ba can sama ba kamar yadda 'yan koyo ke sa su, kuma tsakaninsu faɗin ido ɗaya ne. Sai ka tsai da ɓangaren da haske zai fito, kada ka canja.

Fata ce wurin aikin. Kada ka ɗauko baƙin alli don kawai mutumin baƙi ne, fuskar za ta mutu. Shimfiɗa ruwan ƙasa mai duhu, ka sa ja-ja a kumatu, shuɗi kaɗan a cikin inuwa, ruwan goro inda rana ta bugi goshi. Daga duhu ake tahowa haske. Murza da ɗan yatsa, amma kada ka murje ko'ina, bar wasu layukan da kaifinsu. In garin allin ya taru, juya takardar ka ƙwanƙwasa bayanta, ban da hurawa da baki.

In ka gama, ɗauki hoton zanen da hantsi a inuwa, wayar daidai saman takardar, ba filasha. Buɗe shi a manhajar zane ta ibisPaint ko Sketchbook. Kada ka taɓa hoton asali: buɗe sabuwar leya a kansa, kowane gyara da tasa. Juya hoton hagu zuwa dama, nan take idon da ya karkace zai tona kansa. Gyara shi, ka ƙara ɗigon haske a ƙwayar ido, in ka ga dama ka sa duwatsun Riruwai ko fadamar shinkafar Tudun Wada a baya, dishi-dishi.

Yawancin masu yi nan suke ɓata aikinsu, su yi ta gogewa har fuskar ta koma kamar roba. Ni dai a ganina, burbushin allin nan shi ne kuɗin zanen, bar shi.

In za ka tura wa mai bugawa ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, don in ka tura shi kamar sauran hotuna matse shi ake yi, ingancinsa ya ragu.