Kankare Nuna Yake Yi, Ba Bushewa Ba: Nazarin Wasu Kalmomin Aikin Siminti

1.0 Gabatarwa

Kowace sana'a tana tafe da keɓaɓɓun kalmominta, kuma wanda bai san kalmomin nan ba bai san sana'ar ba. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana muhimman kalmomin da ake amfani da su a aikin kankare, sa'an nan a nuna yadda kalma guda, watau "bushewa", take ɓatar da magina har ta jawo asarar dukiya, wani lokaci ma da rayuka.

2.0 Siminti da Kankare

Mutane da yawa sukan ɗauki kalmomin nan biyu tamkar abu guda, alhali kuwa akwai bambanci. Dukkansu aro ne daga Turanci. Siminti shi ne garin nan mai ruwan toka da ake sayarwa a buhu mai nauyin kilo 50. Ana yin sa ne da dutsen farar ƙasa da yumɓu, a ƙona su a wuta mai zafin kimanin digiri 1450 na ma'aunin Salshiyas har su dunƙule, sa'an nan a niƙe tare da ɗan jibsin. Wani birkila Baturen Ingila, Joseph Aspdin, shi ne ya yi rajistar irin wannan siminti a shekarar 1824. A Nijeriya an buɗe masana'antar Nkalagu a 1957, ta Sakkwato ta soma aiki a 1967, ta Ashaka kuwa a 1979.

Idan an haɗa siminti da yashi da ruwa kawai, an sami kwaɓin da ake ɗora bulo ko yin shafe da shi. Sai an ƙara tsakuwa ne ake kiran sa kankare. Ke nan siminti shi ne maɗauri, yashi da tsakuwa su ne ciko, kuma su ne suke ɗauke da kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na jikin kankaren.

3.0 Awo da Kwaɓi

Awo shi ne ƙayyade yawan kowane ɗaya daga cikin kayan haɗin. Idan injiniya ya ce "1:2:4", abin da yake nufi shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Wannan awo sananne ne a ƙananan gine-gine.

Ruwa ma yana da nasa awon, ko da yake shi ne aka fi yi wa sakaci. Tun a 1918 wani masani Ba'amurke, Duff Abrams, ya nuna cewa gwargwadon yawan ruwa a kan siminti, gwargwadon raunin kankare. Ga al'ada nauyin ruwan ba ya wuce kimanin rabin nauyin simintin, watau wajen lita 25 ga buhu guda, a haɗa da danshin da ke jikin yashi. Lebura yakan so ya ƙara ruwa domin kwaɓi ya yi laushi ya yi sauƙin zubawa. Amma rarar ruwan nan idan ta fita, sai ta bar ƙananan kofofi a ciki, su kuwa su ne mafarin rauni.

Ana gwada laushin kwaɓi da wani mazurarin ƙarfe mai tsawon milimita 300. A cika shi, a zunguri kwaɓin da sanda, a ɗaga mazurarin, sa'an nan a auna yadda tulin ya zauna. Idan ya baje kamar kunu, ruwa ya yi yawa.

4.0 Kamawa, Nuna da Ban Ruwa

A nan ne gizo yake saƙa. Bahaushe ya gaji ginin ƙasa, inda tubali da yaɓe suke samun ƙarfi idan rana ta busar da su. Da siminti ya zo, sai aka ɗauko wannan kalma aka ɗora masa, ana cewa "a bari ya bushe". Gaskiyar magana kuwa ita ce, kankare ba ta hanyar rasa ruwa yake yin tauri ba. Ruwan ne yake narkar da ƙwayoyin siminti, su rikiɗa su zama wani sabon abu mai kama da danƙo, wanda yake ɗaure yashi da tsakuwa. Wannan haɗuwa tana fitar da zafi, shi ya sa sabon zubi mai kauri yakan yi ɗumi. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce, kankare yana yin tauri ko da a ƙarƙashin ruwa.

Saboda haka ya kamata a rarrabe kalmomi uku:

(a) Kamawa: lokacin da kwaɓi ya daina gudana ya daskare, cikin 'yan sa'o'i bayan zubi. Daga nan ba a ƙara masa ruwa a sake juyawa.

(b) Nuna: samun ƙarfi sannu a hankali. A kwana 7 kankare yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ake auna masa a kwana 28. A ranar ta 28 ne ake matse ƴan curin gwaji masu faɗin milimita 150 a cikin na'ura har su fashe, don a san ƙarfinsu.

(c) Ban ruwa: jiƙa kankare da rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ko yashi, aƙalla kwana 7, domin kada nunarsa ta tsaya.

A ƙasar Hausa wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai, domin iskar hunturu da zafin bazara suna tsotse danshi cikin gaggawa. Kankaren da ya bushe da wuri kamar tuwon da aka janye wa wuta ne: a ido ya yi, a ciki ɗanye ne. Alamarsa ita ce tsagewa da zubar gari idan an goga.

5.0 Rodi da Suturarsa

Kankare yana jure danniya ƙwarai, amma ba ya jure ja; ƙarfinsa na ja bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin danniyarsa ba. Don haka ake sa masa rodi a ginshiƙi da kan ƙofa da dakin bene, domin ƙarfe ya ɗauki jan. Wani mai lambu Bafaranshe, Joseph Monier, yana cikin waɗanda suka fara wannan dabara, ya kuma yi mata rajista a 1867. Kaurin kankaren da ya lulluɓe rodi shi za mu kira sutura. Idan ta yi ƙaranci, danshi ya kai ga ƙarfen, sai ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga ginin daga ciki.

6.0 Kammalawa

An ga cewa siminti daban, kankare daban, kuma ruwa yana cutar da kwaɓi idan ya yi yawa, amma yana raya zubi bayan ya kama. Abin da ya rage ga masu nazarin Hausa shi ne su tace waɗannan kalmomi tare da magina da injiniyoyi, su shigar da su cikin littattafan makarantun sana'a da shirye-shiryen rediyo. Magini da aka ce masa "bari ya bushe" zai tafi gida ne. Wanda aka ce masa "bari ya nuna" kuwa zai komo da safe ɗauke da bokitin ruwa.